Neman shawara: manhajar da za ta sauƙaƙa mini bincike a kan tsutsar tumatir

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata sakandare da ke yankin Kura, kuma ina haɗa bincike a kan tsutsar Tuta absoluta, wadda ta yi wa manoman tumatir na Kadawa mummunar ɓarna a 2016. Duk lokacin da nake karanta maƙala a intanet nakan ci karo da sunan ƙwaro ko na sinadari da ban sani ba, sai in bar shafin in tafi nema, kafin in dawo data ta yi ƙasa, hankalina kuma ya rabu biyu. Wasu maƙalun ma sai an biya kafin a buɗe su. Wace manhaja za ku ba ni shawara a kai?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Idan kana da kwamfuta, ka ɗora Unpaywall a kan Chrome ko Firefox. Da zarar ka buɗe maƙalar da ake sayarwa, in akwai kwafinta na kyauta da aka ajiye bisa ƙa'ida, za ka ga alamar ƙwadon kulle ƙofa mai launin kore a gefen allo, sai ka danna. Akwai kuma Google Scholar Button, wanda ke neman maƙala daga rubutun da ka haska ba tare da ka bar shafin ba.

Amsa ta biyu: Allah ya gafarta Malam, a ganina sunan ƙwaron ya fi manhajar muhimmanci. A 2021 masana sun mayar da shi Phthorimaea absoluta, saboda haka wanda ya nema da tsohon suna kaɗai zai iya rasa wasu sabbin maƙalu, kuma babu manhajar da za ta tunatar da shi. Ka tabbatar da sunayen a GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya da ke intanet, sannan ka nema da duka biyun a PubMed, shafin neman maƙalun kimiyyar lafiya da halittu, wanda kyauta ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Sai dai yawancin karatuna a waya nake yi.

Amsa ta uku: To Malam, Chrome na Android ba ya karɓar irin waɗannan ƙananan manhajoji. Ranar da ka shiga birni ka sami intanet mai ƙarfi, ka sauke maƙalun cikin Zotero a kwamfuta, wanda zai adana maka su tare da sunan marubuci da shekara, ka karanta a gida ko babu sabis.