Kafin ka fara kallon The Last of Us

A kan tambayar me ya kamata mutum ya sani kafin ya fara kallon The Last of Us, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce ba sai ka taɓa buga wasan bidiyon da kamfanin Naughty Dog ya fitar a 2013 ba kafin ka fahimci wannan shiri mai dogon zango da tashar talabijin ta HBO ta gina a kan wasan. Kashi na farko ya isa ka san Joel da Ellie, taurarin labarin. Gargaɗin da aka fi nanatawa kan zango na biyu ne, na 2025: kauce wa sharhin intanet, don a kashi na biyu za a yi abin da zai girgiza ka. Kada a kunna da yara a falo. Mutanen cikin shirin da cordyceps (wani nau'in naman gwari) ya kama, kawunansu a tsage kamar lemar kwaɗi, suna ƙas-ƙas cikin duhu, sun isa hana babba barci ma. Wasu sun ce a sa iyafis, ni ma ina bayansu.