Shawarwarin da aka tattara kan kakar OHL ta 2014/15

Wani ɗan'uwa da bai daɗe da fara kallon hokin ƙanƙara ba ya tambaya ta ina zai kama kakar 2014/15 ta OHL, gasar matasa ta Ontario a Kanada. Kusan kowa cewa ya yi ya fara da ƙungiyar Erie Otters, inda Connor McDavid ya tara maki 120 (ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci) a wasa 47 kacal.

An jima ana cacar baki kan karayar hannun da McDavid ya samu garin dambe a watan Nuwamba. Masu rinjaye suka ce gwani irinsa bai kamata ya cire safar hannu don dambe ba, akwai masu wannan aikin. Ni ma can na karkata.

Wani dattijo a cikinmu ya ja kunne: kada a tsaya kan McDavid kaɗai, abokin wasansa Dylan Strome ne ya fi kowa maki, 129. Ya ce a nemi wasannin ƙarshe a ga yadda Oshawa Generals ta toshe ƙofa ta lallasa Erie a wasa huɗu cikin biyar, kafin ta je Kwibek ta ɗauko Memorial Cup, kofin zakarun gasannin matasa na Kanada.