Zane a aikin lissafi: in tilasta wa ɗalibai ko in bar su?

Malamar Aji Biyu: Assalamu alaikum. Ɗalibaina 'yan shekara 13 ne, mun shiga aljabara. Ina so duk wanda ya rubuta bayanin yadda ya warware lissafi ya haɗa da zane, in ware wa zanen maki. Tsorona kada su ɓata lokaci wajen ƙawata shi su bar tunani. Wa ya taɓa gwadawa?

Mai Kwamfuta: Ki sauke musu GeoGebra, manhajar zanen lissafi, kyauta ce. Magana ta ƙare.

Malamar Aji Biyu: Malam, ba manhaja na tambaya ba, maki na tambaya.

Baban Yara: Malama, ki ba da makin don Allah. 'Yata aka ba x² + 10x = 39. Ta zana murabba'i mai gefe x, ta manna masa faffaɗan yanki mai faɗin 5 a gefe biyu, ta cike kusurwar da 25. 39 da 25 jimla 64, gefe 8, a cire 5, x ya zama 3. Malaminta ya ja jan biro ya ba ta sifiri, wai bai ga matakai ba. Hanyar nan fa ita masanin lissafi Alkhawarizmi ya bi a Bagadaza tun ƙarni na 9! Yarinyar ta yi kuka, yanzu ko layi ba ta ja, haddar ƙa'ida kawai take yi. Har gobe abin yana ci mini rai.

Tsohon Malami: Allah ya ba ta haƙuri. Amma zane yana yaudara. Yaro zai zana alwatika, ya ga kusurwa kamar digiri 90, ya ɗora hujja a kai. Kuma murabba'in nan ba zai nuna mata ɗaya amsar wato −13 ba.

Baban Yara: Ko da haka, sifiri?

Ɗalibin Jiya: Ni da'irata ba ta taɓa haɗuwa da inda ta faro ba, nawa za a ba ni? 😂

Mai Kwamfuta: Minti biyar ya isa zane.

Tsohon Malami: Rabin darasi yake ci. Wanda bai taɓa riƙe alli ba ya saurara wa masu aji.

Baban Yara: Mu da muke zama da su da dare muna aikin gida fa, ba mu da baki?

Malama Mai Haƙuri: Ku bar wannan. Wa zai duba zanen? Aji cike maƙil, malami ɗaya, littattafai tuli. Shi ya sa ake duba amsar ƙarshe kawai a wuce.

Tsohon Malami: Nan ne ciwon. Ga manhajar karatu a gama ta kafin jarrabawa ko yara sun gane ko ba su gane ba.

Malamar Aji Biyu: Na gode. To makin zanen dai, kashi nawa?