An kama amalanken ƙanena da itace, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun rasuwar Baba shekara uku ke nan ni ke riƙe da gida, ga Inna ba lafiya, ga ƙanne huɗu, gonarmu ta wajen Madarunfa kuma bana ko dami ashirin ba ta ba mu ba. Da bashi na sayi jakin nan da amalanke don ƙanena ya riƙa kawo itace Maradi. Shekaranjiya an tare shi a bakin dajin gwamnati, an riƙe amalanken da gatarinsa, an ce sai tara. Wallahi busasshe ne. Tun muna yara nan Inna ke yin itace. In je in ba da haƙuri ko in kai ƙara?

Wani malami daga Tibiri: Wa alaikumus salam ƙanena. Daji suna ya tara. Dajin da gwamnati ta killace, dokar gandun daji ta 2004 ta bar wa mutanen kewaye tsintar busasshen itace, da ƴaƴan itace, da saiwar magani, da ƙotar fartanya, amma don amfanin gida. Inna da ɗan ƙunshinta a ka tana cikin haƙƙinta. Amalanke cike zuwa kasuwa sana'a ce, sai da takarda.

Mai tambaya: Malam, ai ba ɗanye ya sara ba.

Wata daga Gidan Rumji: Kai dai ka je da mai gari ku roƙa. Ni gawon da na rena da hannuna cikin gonata, sassaben zamani, reshe guda na sare wa awaki aka zo kaina. Har yau abin na ci mini rai.

Malamin Tibiri: Hajiya, gawo itace ne mai kariya, maganarsa daban. Ƙanena, in busasshe ne me ya kai gatari? Gara ma kai. Gadabeji, arewa da Dakoro, tun 1955 aka keɓe ta don namun daji, hekta dubu 76, farauta haram ce sam. A 2017 UNESCO ta sa ta cikin wurare masu zobe uku: tsakiya ba a taɓawa, zobe na biyu ana amfani da ƙa'ida, na waje mutane na zaune. Can Gadabeji aka kai raƙuman dawa daga Kure, wajen Yamai, a 2018. Gandun namun daji na W kuwa ko shanu ba a yarda su shiga ba.

Wani makiyayi: Raƙuman dawa an ba su fili, mu burtalinmu an nome shi har ƙaho na taɓa hatsi. Kar ka biya ko dala sai an ba ka rasit.

Wani direba: A'a, biya ka karɓi jakinka kafin ya rame. Bayan nan ka riƙa saye a kasuwar itace ta ƙauye irin na Baban Rafi, su ke ba da takardar ɗauka, ba mai tare ka a hanya.

Mai tambaya: Da wane jari zan saya? Gatarin don farfasawa ne kawai. Kuma ba wani allo a bakin dajin, ta ina yaro ɗan shekara 16 zai san iyaka?

Malamin Tibiri: Shi ya sa nake tambaya, wane daji ne takamaimai? Kowane daji da takardar da ta kafa shi.

Mai tambaya: Mu dai daji muke ce masa. Mai bashin jakin ya aiko tun da safe, ban ma faɗa wa Inna ba tukuna.