Wanda ya danna "na yarda" yana da bakin kuka?

Baban Ummi: Jama'a, jiya bayan la'asar wani kamfanin bashi na waya ya turo mani hoton yaron shagona, an rubuta wai ɓarawo ne, kowa ya guje shi. Dubu goma sha biyar ya ranta, kwana huɗu kawai ya ƙara a kan wa'adi. Sun tura wa surukarsa a Ƙofar Marusa, sun tura wa limamin unguwarsu. Yau ko kasuwa bai iya fitowa ba. Ni dai na ce wannan laifi ne a gaban doka.

Alhaji Mai Taya: Allah ya kyauta. Amma tsakani da Allah, ya ci kuɗin ko bai ci ba? Da zai sauke manhajar an nemi izinin shiga lambobinsa, da hannunsa ya danna ya yarda. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Barista: Ranka ya daɗe Alhaji, yardarsa ba ta kai nan ba. Lambar surukarsa ta surukarsa ce, ita kuwa ba ta danna komai ba. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta ce bayanin da aka karɓa don wata manufa ba a karkatar da shi zuwa wata daban. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ma ya kare sirrin wayar ɗan ƙasa. Kiran mutum ɓarawo alhali babu kotun da ta kama shi da sata kuwa ɓata suna ne, shari'a ce mai zaman kanta.

Alhaji Mai Taya: To su da suka ba shi kuɗi ba jingina, ba mai tsaya masa, ta ina za su karɓi haƙƙinsu? Ni na san zafin bin bashi, littafina cike yake da sunayen da ba su ɗaukar wayata.

Malam Na Sabuwar Unguwa: Alhaji yana da gaskiya ta fuska ɗaya, jinkirin mai hali wajen biya zalunci ne. Sai dai an umurce mu mu saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Ruwan da suke ɗorawa kuma riba ce, tun can bai kamata yaron ya kusance su ba.

Maman Sadiq: Malam, sai ciki ya ƙoshi ake tuna haka. An yi wa ƙanwata irin wannan, har makarantar da take koyarwa saƙon ya kai. Kuma ba yau aka fara ba. A 2022 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, a 2023 Google ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan mutane. Shi ya sa yanzu wasu ke turo tasu ta WhatsApp, ba su bi ta Play Store.

Barista: Alhaji, kotu a buɗe take gare su, su kai shi. Baban Ummi, kada ya goge komai. Ya ɗauki hoton kowane saƙo da lambar da ta turo da lokacin, a kai ƙorafi FCCPC da hukumar NDPC mai kula da kare bayanan jama'a. Bashin yana nan a kansa, wannan daban.

Alhaji Mai Taya: Ban gamsu duka ba. Amma maganar surukar ta tsaya mani a rai.

Baban Ummi: Bayan isha'i zan je gidansu in amshi wayar. Barista, gobe da safe kana ofis?