Waifar motata tana tsayawa a tsakiyar gilashi

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu ilimin wayarin ɗin mota, a taimaka min.

Ina Gadarif ta ƙasar Sudan, ina da tsohuwar Toyota Corolla ƙirar 1998. Tun da damina ta kankama waifarta ke ba ni wahala. Idan na sa ta a gudu mai sauri tana aiki lafiya lau. Amma a ƙaramin gudu, ko wanda take sharewa tana hutawa, sai ta yi sau uku ko huɗu ta ƙame a tsakiyar gilashi. Shekaranjiya a hanyar Kasala haka ta yi min ana tsuga ruwa, sai da na faka gefe. Abin haushin, in mota ta faɗa rami ko na bubbuga injin waifar da bayan sukundireba, sai ta farka ta ci gaba.

Na canza fis, ashe tsohon ma bai ƙone ba. Na kankare tsatsar wayar da ke ɗaure a jikin mota, na wanke soket ɗin injin waifar. Wani mai gyara ya ce makunnin jikin sitiyari ne, ya sa min na hannu, kwana biyu matsalar ta dawo. Lokacin da ta ƙame na gwada da mita, wuta volt 12 tana isa soket ɗin.

Tunda wuta na zuwa kuma gudu mai sauri bai taɓa tsayawa ba, gawayin ƙaramin gudu (ɗan burushin da ke isar da wuta) ne ya cinye a cikin injin waifar, har ya isa in buɗe in canza shi kawai? Na gode.