Injin yanka katako zan saya ko ɗan kwangila zan kira? Ku ba ni shawara

Baban Ummi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa yi da hannunsu. Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio, bara Allah ya hore mana gida, tsohon gini ne na 1958, komai lafiya sai kicin, kabad ɗin ƙasa duk ruwa ya cinye su, durowa biyu ma ba sa rufuwa. Na kira ɗan kwangila ya ce dala 11,000 kabad kawai.

Ni kuma tun zuwana ƙasar nan a 2001 ba na wasa da shirin kafinta Norm Abram a tashar talabijin ta PBS, wato New Yankee Workshop, rabin Turancina ma a bakin mutumin nan na tsince shi. Da aka ce ya yi ritaya daga shirin gyaran gidaje na This Old House a 2022 bayan shekara 43 wallahi sai da jikina ya yi sanyi, na ce ashe har malamin ya ajiye aiki ni ban fara ba. Iyakar abin da na taɓa haɗawa kantar littattafai ce da bencin tsakar gida, da zarton hannu. Ina da gareji na mota ɗaya, dala 2,500 na ware, kuma Asabar da Lahadi kaɗai nake da lokaci. Kabad 9 ne. In sayi injin yanka na tebur, sabo ko na hannu? Kuma zai ɗauke ni wata nawa?

Ɗan Maradi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah sarki Norm! Mai riga gidan dara da gemu. Ni ma na kalle shi sosai. Amma ni nawa gwanin Roy Underhill ne, na nan jiharmu North Carolina, shi ba ruwansa da lantarki, gatari da zarto da abin gogewa na hannu kawai, gumi yana zuba yana surutu. Shi ma 1979 ya fara shirinsa, kuma ya rufe makarantarsa ta koyon kafinta a Pittsboro a 2023, ga ta nan kusa da mu Greensboro amma kullum sai in ce sai wata shekara, har aka rufe ban je ba. Duk tsofaffin sun tafi hutu

Injiniya_BX:
11,000 ai ya yi maka sauƙi Yaya. Nan Bronx wani abokin aikina 19,000 ya biya kuma kicin ɗinsa bai kai ɗakin wanka girma ba. Ka biya kawai ka huta.

Maman Tagwaye:
Wane irin sauƙi? Mu 4,200 muka kashe gaba ɗaya, irin waɗanda ake sayowa a kwali a haɗa da sukurudireba, ni da babban ɗana muka haɗa cikin sati biyu. Baban Ummi ka tambayi Maman Ummi tukuna ko ta yarda ta yi wata shida tana girki a falo, don ku maza in kun fara abu...

Ɗan Maradi:
Hhhh Hajiya ta fara. Ai Alhaji shekara 21 ya yi yana karatu a gaban talabijin, digiri uku ke nan, ku bar shi ya yi bautar ƙasa a gareji

Abu Sadik:
Ba na yawan magana amma wannan dole in yi. Baban Ummi ka saurare ni da kyau don Allah. Ni ma irinka ne, kallon mutumin nan ne ya sa min sha'awa, har zanen aikin da suke sayarwa na aika aka kawo min. 2016 na sayi injin tebur na hannu wajen wani tsoho da zai tashi daga gidansa, dala 150, ina ta murna na yi tsintuwa. Babu murfi a kan zarton, babu ƙarfen nan da yake tsayawa a bayan zarto don kada katako ya matse shi, tsohon ya ce ya daɗe da cire su, ni kuma ban damu ba tunda sau da yawa a talabijin haka nake ganin ana yanka ba murfi. Wata huɗu ina aiki lafiya lau, na yi teburin karatu na yara, na fara jin ni ma wani ne.

Ranar wata Lahadi bayan la'asar, na dawo daga aikin dare ban yi barcin kirki ba, ina tsaga wani siririn katako, saura kamar taƙi ɗaya ya fita sai katakon ya matse zarton ya harbo baya, hannuna na hagu ya bi. Ban ma ji zafi ba da farko, ƙara kawai na ji, sai na ga jini a bango. Ɗan ali ya tafi daga gaɓa ta biyu, na tsakiya an ɗinke shi amma har yau ba ya lanƙwasuwa, in sanyi ya shigo kamar ana soka min allura. 'Yata mai shekara 9 ita ta fara shigowa garejin, wannan ne abin da har gobe ba na yafe wa kaina. Wata uku ban yi aiki ba, ina da inshora amma duk da haka abin da ya faɗo kaina ya haura dala 6,000, shekara biyu ina biya kaɗan-kaɗan. To ka lissafa injin 150 nawa ya tashi.

Ba laifin Norm ba ne, kafin ya taɓa inji sai ya ce a karanta ƙa'idojin kayan aiki a fahimce su kuma a sa gilashin kare ido, ba ya fashi. Amma shi ɗan kafinta ne, tun yana yaro yake bin babansa wajen aiki, abin da hannunsa ya sani kyamara ba ta nuna shi. Rabin awa za ka ga kabad ya tashi, ba ka ganin kwanakin da aka yi a baya.

Maman Tagwaye:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu Abu Sadik, Allah ya sa kaffara ne. Wallahi jikina har rawa yake

Ɗan Maradi:
Subhanallah, sannu ɗan uwa, Allah ya ƙara lafiya. Ka yafe min wasan da na yi a sama.

Injiniya_BX:
Allah ya kiyaye gaba. Shi ya sa in dole sai ka saya to injin tebur na kamfanin SawStop za ka saya. Akwai 'yar wutar lantarki da ke bin zarton, da ya taɓa fatar mutum sai wani birki na alminiyam ya daki haƙoran ya tsaya nan take ya nutse ƙasa, ƙwarzane kawai za ka samu. Birkin da zarton ne za ka sake saya. Wajen 2,000 ne.

Abu Sadik:
Ba 2,000 ba ne, akwai ƙarami ƙasa da 1,000, na duba bayan abin ya faru da ni da shekaru. Amma ka sani ba ya hana katako harbowa baya, yatsa kawai yake ceta.

Injiniya_BX:
Ƙaramin ai na ɗauka a mota ne, teburinsa ba zai riƙe filawud mai ƙafa 4 da 8 ba, na kirkin ya haura 3,000 ma

Kafintan Rijiyar Lemo:
Salam. Ni daga Kano nake, shekara 27 ina wannan sana'a, yara 6 ne a shagona yanzu. Na ga mutumin da kuke magana a YouTube, wani yarona ne ya nuna min, gaskiya ya iya aiki, haɗinsa tsaf ba ya barin ƙofa. Amma ku yi haƙuri, duk wanda ya yi magana a nan ba kafinta ba ne. Ni shekara biyu na yi a wajen maigidana ina shara da sanfefa da miƙe tsofaffin ƙusoshi kafin ya bar ni in riƙe zarto, inji kuwa sai a shekara ta huɗu. Alhaji kabad ba wuya gare shi ba, akwati ne, wuyar tana wajen ƙofa da durowa da bangon da ba ya miƙe. Ka kai filawud ɗinka inda ake yankawa su yanka maka a kan awo, kai ka haɗa. Mu ma nan da yawa haka muke yi, ba kowa ke da inji ba.

Injiniya_BX:
Malam da girmamawa, aikin can daban na nan daban. Nan akwai dokar gini, in ka taɓa famfo ko waya sai da izini, kuma gidan 1958 zai iya yiwuwa akwai fenti mai dalma tunda sai 1978 aka hana shi, in ya kankare ƙurar guba ce ga yara. Wannan ba a koya a Rijiyar Lemo.

Kafintan Rijiyar Lemo:
To Injiniya kai kabad nawa ka taɓa haɗawa?

Injiniya_BX:
Ban haɗa ba amma na san abin da nake faɗa

Maman Tagwaye:
Ni dai na haɗa 12 kuma ba wanda ya tanka min, ko don mace ce? Maganar dalma kuma gaskiya ce, mu sai da aka gwada namu kafin mu taɓa bango.

Ɗan Maradi:
Hajiya ke ce shugabar kafintoci daga yau, a ba ta riga gidan dara

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai jama'a. Abu Sadik wallahi na karanta naka sau uku, na nuna wa maiɗakina ta ce in injin ya shigo gidan ita za ta fita. Allah ya ba ka lada da ka faɗa. Malam Kafinta shawararka ta shige ni, sai dai yankan da suke yi a manyan shagunan nan ba ya fita daidai sosai, ana samun ɗan bambanci. Har yanzu dai ba wanda ya ce min wata nawa zai ɗauka.

Zango Boy:
Baba ni abin da ke ba ni haushi na yanzu ne. Su Norm a tashar jama'a ta PBS suka yi, ba a cika ka da talla, Bob Vila mai gabatar da shirin na farko ma ai kan maganar talla ya bar This Old House a 1989. Yanzu ka buɗe YouTube kowa kamfani ya ba shi kaya kyauta, minti 12 rabi talla, ya ce maka aikin dala 50 ne alhali injinan da ke bayansa sun fi kuɗin motata

Abu Sadik:
Shi ma Norm ai shagonsa cike yake da injina, kowane aiki da injinsa, mutane sun daɗe suna ƙorafi a kai. Kuma shagon ma a filin gidan Russell Morash, mai shirya shirin, aka gina shi. Mu ne muka ɗauka za mu iya da injin 150.

Ɗan Maradi:
Maganar injina ta tuna min. Da wani maƙwabcina ya fasa aikin katako, na saye kayansa duka, injin yanka, na gogewa, na huda da sauransu, na sa a kwantena zuwa Kwatano aka hau da su Maradi don ƙanena ya buɗe shago. Kuɗin dako da kwastan sun kusa kuɗin kayan. Na faɗa na nanata wutar Amurka 120 ce tamu 220, sai da taransifoma. Sati ɗaya ya ba wani yaro ya jona kai tsaye, injin gogewar ya ƙone. Sauran kuma da na je gida bara na tarar an sayar da biyu an sayi babur, wai kabu-kabu ya fi kawo kuɗi. Ban yi magana ba saboda tsohuwa

Kafintan Rijiyar Lemo:
Kai dai bari. Wannan ita ce damuwarmu a nan, yaro ya zo wata uku ya ga ba kuɗi ya tafi Keke Napep ko ya zauna da waya. Cikin yara 6 ɗin da na ce, biyu ne kawai nake sa ran za su kai. Ga wuta babu, man janareta ya cinye ribar, madaci mai kyau ya yi tsada kowa ya koma MDF, wato allon da ake haɗawa da garin katako, damina biyu ya kumbura a ce kafinta ne bai iya ba. Da ni ka aiko wa injinan nan wallahi da har yanzu suna aiki.

Ɗan Maradi:
Na yankan yana nan an rufe shi da buhu, in akwai mai zuwa Kano daga Maradi sai mu yi magana. Amma fa shi ma ba shi da murfi

Abu Sadik:
To kada ka aika sai an sa masa. Yara ne za su tsaya a gabansa.

Kafintan Rijiyar Lemo:
Akwai masu walda a nan za su ƙera, ka turo min hotonsa ta gefe da ta sama in gani, da lambar da ke jikin motar injin.

Baban Ummi:
Jama'a kabad 9 fa, wata nawa?